Taƙi Ɗaya Duk Damina

Kwanan baya ƙaramar 'yata tana sharar ɗakina a nan Kankara, sai ta ciro wata tsohuwar fartanya daga bayan akwati, ta ɗaga ta tana dariya. Ta ce, "Baba, wannan ta yara ce?" Na karɓa na riƙe. Ƙotar ta yi baƙi, ta yi santsi kamar an shafa mata man shanu, akwai ɗan lotsawa daidai inda babban yatsa yake zama. Ruwan fartanyar kuwa bai fi faɗin yatsu uku ba. Na ce mata ta kakana ce, kuma ranar da maƙerin Yankara ya ƙera ta, ta fi tafin hannun babban mutum faɗi. Ta ce to wa ya yanke ta. Na ce babu wanda ya yanke ta, ƙasa ce ta cinye ta. Ta dube ni kamar ina mata wasa, ta ci gaba da shararta. Ni kuwa na zauna da fartanyar a kan cinya har aka kira azahar.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, sai allo da na ɗan taɓa, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Abin da zan faɗa laifina ne, kuma na daɗe ina ɗauke da shi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Faskari, ba nisa da Yankara, a gindin wani dutse. Gidanmu gidan gandu ne a lokacin: kakana, da mahaifina da ƙannensa biyu, da matansu, da mu yara da ba ma ƙirguwa idan an zuba tuwo. Gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya ake buɗewa. Gonar tana gangaren dutsen, jar ƙasa daga sama, tana ƙara duhu idan ka gangaro. Idan ruwan farko ya sauka a kanta bayan zafin bazara, ƙanshinta yana shiga har cikin ɗaki. Awaki su yi ta tsalle a turke, mata su fito da ƙoren iri su zazzage a faifai, kakana ya tsaya a ƙofar zaure yana duban gabas.

Daga inda gonarmu ta ƙare zuwa bakin rafi, gonar wani tsoho ce, Bamaguje. Gidansa yana can tsallaken rafin, shi ya sa muke ce masa Baban tsallake, matarsa kuma Innar tsallake. Ba ya salla, kakana kuwa shi ne ladanin masallacinmu. Amma tare suka yi kiwo suna yara, kuma ban taɓa ganin kakana ya saki jiki da wani kamar yadda yake sakewa da shi ba. Da azumi tsohon yakan aiko da zuma a ƙwarya, don yana da amya a kan itatuwa. Da babbar salla cinyar rago ɗaya takan tsallaka rafi. Kakana yakan ce masa, "Kai tsohon banza, yaushe za ka shigo sahu?" Shi kuma ya ce, "Ranar da ka koyi huɗa madaidaiciya."

Tsakanin gonarmu da tasa akwai layin gamba, ya ratsa gangaren daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce iyaka. Da damina takan yi tsawo ta rufe babban mutum, iska tana kaɗa ta tana wani shu-shu kamar ana zuba gero a buhu. Da kaka a yanke ta a yi zana da jinka, bana mu, baɗi su. Taku biyu daga layin, a ɓangarensa, akwai wata babbar ɗorawa. Tasa ce, kowa ya sani. Innar tsallake ce take tsinke ta da bazara, ta ba mu garin mu lasa har bakinmu ya yi rawaya, ta tafi da kalwar ta yi daddawa. Daddawar nan da ita take yin cefanen gidanta a kasuwa.

Tsofaffin biyu suna da wata al'ada. Duk shekara, idan aka yi ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, sai su haɗu da safe a ƙarshen layin, kowa da fartanyarsa, su bi iyakar daga farko har ƙarshe. Inda suka ga tushen gamba ya mutu, ko gara ta ci, sai su tsaga wani mai rai su dasa a gurbinsa. Ɗaya ya haƙa, ɗaya ya dasa. Ba a taɓa yin wannan aiki da mutum ɗaya ba, ko da ɗayan ba shi da lafiya, sai a jira shi. Kuma idan kakana ya zo huɗar kunyar ƙarshe, wadda take jikin gamba, yakan durƙusa ya buɗe hannu ya auna taƙi ɗaya daga tushen, sa'an nan ya sa garma. Na taɓa tambayarsa don me yake barin ƙasa mai kyau a banza. Ya ce, "Gara iyaka ta ci ni da in ci ta."

Wata rana muna hutawa a inuwa lokacin noman firi, wato noman farko, na ɗauki fartanyarsa ina jujjuyawa. Tun a lokacin ta riga ta ragu. Na ce, "Kaka, mi ya hana ka sayo sabuwa?" Ya ce, "Ka taɓa ganin ranar da ta ragu?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni ma ban gani ba, kuma kullum tana hannuna. Yadda na aje ta da marece, haka nake ɗaukarta da safe. Amma ga ta nan." Ya karɓe abarsa ya koma aiki. Na ɗauka maganar fartanya kawai yake yi.

Ina da shekara tara ko goma aka yanka mini gayauna, wato 'yar gonar da ake ba yaro ta kansa a gefen gandu. Kunya huɗu ce gajeru, a jikin gamba. Na shuka gyaɗa. Da na gama, sai sauran iri ya rage mini a aljihu, kamar cikin tafi ɗaya. Na duba, ga wani tushen gamba ya fito ya tsaya mini a ƙarshen kunya. Babu kowa a kusa. Na sa fartanya na tumɓuke shi, na ja shi na jefa a rafi, na baje wurin, na shuka rami bakwai. Na koma gida ina jin kaina babban manomi.

Washegari da hantsi kakana ya kira ni. Yana tsaye a wurin. Ya ce, "Gamba tana da ƙafa?" Na jira duka, don da mahaifina ne da tuni tsumagiya ta yi aikinta. Bai dake ni ba. Ya kama hannuna muka gangara, muka tsallaka rafi, ruwa yana kai mini gwiwa, har ƙofar gidan Baban tsallake. Muka same shi a gindin rumbu yana tufkar igiya. Kakana ya ce, "Faɗa mashi da bakinka."

Na faɗa. Tsohon ya aje igiya ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Aradu yau na ga ɓarawo mai hankali. Ya bar dawa ya saci ciyawa." Innar tsallake ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Ita dama mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "Ku ƙyale mani mijina. Gona shike nema ya ciyar da ni, tunda wanga tsoho ya gaza." Suka yi dariya su biyu. Kakana bai yi ba.

A ranar muka koma mu uku. Kakana ya haƙa, Baban tsallake ya dasa, ni kuma na tone gyaɗata rami bakwai da hannuna. Sai aka yi rashin sa'a ruwa ya ɗauke a shekarar, ya yi kusan mako biyu bai sauka ba. Kakana ya ce dashen nan ba zai mutu ba. Safe da yamma ina ɗaukar ƙaramin tulu in gangara rafi, in hauro, in zuba wa ciyawa ruwa, yaran unguwa suna bina suna cewa ga mai lambun gamba. Wuyana ya yi tsami. Baban tsallake yakan zauna a gindin ɗorawarsa yana kallona, bai taɓa cewa in bari ba. Ranar da sabon tsiro ya fito, kore shar a tsakiyar busasshen tushe, ya kira ni ya ba ni saƙar zuma a ganye. Har yau ban sha zumar da ta kai wannan ba.

Na faɗi wannan duka ne don mai karatu ya sani ba jahilci ne ya sa ni abin da na yi daga baya ba. An koya mini, kuma an koya mini da kyau.

Kakana ya rasu ina saurayi. Mahaifina ya ci gaba da bin iyaka da tsohon na 'yan shekaru, sa'an nan shi ma ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Gandu ya watse, aka raba gona, ɓangaren ƙasa mai jikin gamba ya faɗo a kaina, tare da fartanyar nan da babu wanda ya so. Na yi aure, yara suka fara zuwa. Wata shekara auduga ta yi kyau, na sayi shanun huɗa biyu da garmarsu. A daminar da ta biyo baya Baban tsallake ya aiko jikansa ya ce ƙasa ta jiƙa, yana jirana a ƙarshen layi. Na ce a gaya masa ina da huɗar mutane, sai gobe. Goben ba ta zo ba. Da shekara ta zagayo bai aiko ba, ni ma ban tambaya ba.

Cin iyakar farko kuskure ne, Allah ya sani. Ina huɗar kunyar ƙarshe, sa ɗaya ya karkace, bakin garma ya shiga jikin gamba ya yanke saiwoyinta ta ɓangarena. Na ga abin da ya faru, na ce ba komai, za ta sake tohowa. Amma da kaka ta yi, sai na ga dawar da ke kan wannan kunya ta fi ta ko'ina a gonar. Zangarniya kamar damtsen mutum. Dalili a fili yake. Ƙasar jikin gamba ba a taɓa noma ta ba, kuma duk lallausar ƙasa da taki da ruwa ya kwaso daga sama shekara da shekaru, a nan gamba take tare su. Na tsaya ina kallon zangarniyar nan, wani abu ya shiga raina.

Da damina ta dawo, ni na karkata garmar da hannuna. Taƙi ɗaya kawai. Na ce ai taƙin da kakana yake bari ne, namu ne tun asali. Shekara ta uku na ƙara wani, na ce wannan ai tushen ciyawa ne, ba gonar kowa ba. Ita gamba kuma, idan kana yanke ta daga sama, sai ta riƙa tohowa ta ƙasa, layin ya riƙa matsawa da kansa, wanda ya zo ya gani ba zai ce an taɓa shi ba. Da sharar gona ina sa wuta kusa da ita, in bar iska ta yi abin da ta ga dama. Inda tushe ya mutu, da farko nakan dasa wani ni kaɗai, in ɗan gangara da shi. Daga baya na daina dasawa. Taƙi ya zama kamu, kamu ya zama kunya guda. Babu wata safiya da na tashi na ce yau zan ƙwace gonar tsoho. Da an ce mini in ɗebi kunya goma a rana ɗaya, da na yi rantsuwa ba zan iya ba, kuma da gaskiya na faɗa.

Ina da hujjoji, kullum a shirye. 'Ya'yansa maza sun watse, ɗaya ya musulunta ya koma Sabuwa, ɗaya ya shiga coci ya tafi Kankara neman sana'a. Idon tsohon ya fara mutuwa. Rabin gonarsa saura ce, ba ya iya nomawa, ni kuwa ga baki tara a gida. Akwai kuma hujjar da ta fi duka muni, wadda ban taɓa furtawa ba sai yanzu: nakan ce a raina ai ba Musulmi ba ne. Duk azumi ina zaune a gaban malaminmu yana faɗin abin da ke jiran wanda ya ci ƙasar wani, ko taƙi ɗaya ne, ko ta wane ne. Ina gyaɗa kai, ina tuna wasu mutane da na san sun yi haka.

Cikin shekara goma sha biyar ko kusa da haka, ɗorawar nan da take taku biyu a ɓangarensa ta koma cikin gonata da kunya biyar.

Wata bazara da rana ta ɗan yi sanyi, ina tattara karan dawa a wurin, sai ga Innar tsallake. Ta tsufa ƙwarai, ta rankwafa, tana jan doguwar gora mai ƙugiya, da ƙwarya a kai. Ta zo daidai kunyata ta ƙarshe ta tsaya. Ba ta taka ba. Ta yi sallama, ta ce, "Malam, ko za a bar ni in ɗan tsinki ɗorawa?"

Malam ta ce. Matar da ta yi shekara ashirin tana kirana mijinta.

Ga abin da na amsa mata, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan. Na ce, "Haba Inna, ɗebi mana, ɗebi yadda kike so." Har na karɓi gorar na kakkaɓo mata na sama. Ta yi godiya, ta sa mini albarka. Na koma gida a ranar ina jin daɗin kaina, ina ganin na yi wa tsohuwa alheri.

Shi kuwa Baban tsallake sau ɗaya ya yi mini magana. Farkon damina ne, ya zo yana lalube da sanda, ya hauro kunya ɗaya bayan ɗaya, ina jin bakinsa yana motsi yana ƙirgawa, har ya dafa jikin ɗorawar. Na gaishe shi. Ya ce, "Jikan abokina, ɗorawar ga tafiya take yi? Da ƙuruciyata a tsaye take." Na ce, "Baba, ruwa ne ke cin ƙasa, komi ya canza." Ya shafa bawon itacen. Ya ce, "To. Ruwa shina da aiki." Ya juya ya gangara, yana ƙirga kunyoyin a karo na biyu.

Ƙaryar da na yi masa ta zama gaskiya a kaina. Ban taɓa tunanin aikin da gamba take yi ba sai da ta tafi. Ruwan da ke gangarowa daga dutse, da can idan ya iso layin sai ya tsaya, ya bazu, ya wuce a hankali. Yanzu babu mai tare shi. Ya fara da 'yar hanya wadda za ka rufe da tafin ƙafa. Na cike ta da kara, ruwa ya tafi da karan. Damina ta gaba ta kai gwiwa. Na jera duwatsu, ya bi ta gefensu. Kafin shekara biyar ta zama kwazazzabon da sa zai faɗa ciki ba a gan shi ba. Ya tsaga gonar tsohon biyu har bakin rafi, sa'an nan ya juyo yana cin tawa daga ƙasa zuwa sama. Baƙar ƙasar nan da na yi kwaɗayi ita ya fara kwashewa.

A lokacin na san dole in je in sami tsohon. Na ce bari a gama shuka. Aka gama, na ce bari a yi maimai. Na ce bayan girbi zan je da dawa dami biyu in faɗa masa da bakina, kamar yadda na taɓa yi ina yaro. Shekara uku ina wannan bari. Ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Na tsallaka rafi na yi gaisuwa, na zauna a gindin rumbun nan inda ya taɓa kirana ɓarawo mai hankali, aka kawo ruwa na sha, na tashi ban ce komai ba. Ɗansa na Kankara ya tafi da Innar, can ta rasu bayan shekara biyu.

Abin da ya same mu daga baya ba sai na faɗa wa mutumin ƙasarmu ba. Shi ma ba rana ɗaya ya zo ba. Aka fara da jin labarin ɓarayin daji daga nesa, sa'an nan suka fara kore shanu, har da nawa biyun. Gonakin bayan dutse suka gagari zuwa, sai na gaban dutse. Gida ɗaya ya tashi, bayan wata biyu wani ya bi. Ranar da na ɗora iyalina a mota, gida huɗu ne suka rage da hayaƙi a ƙauyen. Na bar rumbu, na bar garma, amma na sa fartanyar nan a cikin buhun kaya, ban san dalili ba.

A Kankara na san inda ɗan Baban tsallake yake. Shi ne autansu, tare muka yi kiwon awaki, sa'ana ne. Yana da injin niƙa a bakin wata hanya. Sai da na yi shekara biyu ina canza hanya don kada in bi ta gabansa. Ranar da na je, na same shi fari fat da gari har gira. Ya gan ni ya yi murmushi, ya ce, "A'a, mai lambun gamba, kai ne a gari?" Na ce ina da magana. Ya dubi fuskata, ya kashe injin, ya ce wa matan da ke layi su ɗan yi haƙuri. Muka koma bayan rumfa. Na faɗa masa komai, daga ranar da san huɗa ya karkace har ranar da mahaifiyarsa ta roƙe ni 'ya'yan itacenta.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Mun sani. Ni da yayana mun so mu kai ka gaban mai gari tun ɗorawa ba ta shiga gonarka ba. Baba ya hana." Na ce don me. Ya kakkaɓe gari daga hannunsa, ya ce, "Cewa ya yi, yaron da ya shayar da ciyawa da tulu kwana goma sha biyu, a bar shi, zai zo da ƙafarsa ya maido. Duk damina sai ya ce bana zai zo."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Nawa na yafe, na yayana ma zan iya ɗaukar maka alkawari. Na Baba da na Inna ba ni da iko da shi, ɗan'uwa. Wannan sai kai da Allah."

Daminar bara aka ɗan sami sauƙi a wajenmu, mutane suna shiga da safe su fito kafin la'asar. Na je na ce wa ɗan Baban tsallake ƙasa ta jiƙa. Ya gane abin da nake nufi. Muka hau babur ɗinsa bayan gari ya waye, da fartanyar kakana ɗaure a baya. Ƙauyen ya zama kango, tumfafiya ta fito a tsakar masallaci. Gonakin biyu duk sun koma daji, ba ka bambance tawa da tasu. Ɗorawar tana nan, amma kwazazzabo ya zo har gindinta, rabin saiwoyinta suna lilo a sarari. Muka sami gamba a bakin rafi muka tsattsaga. Na tsaya da bayana a jikin itacen, na yi taku biyu zuwa sama, na ƙara taƙi ɗaya. Na haƙa, ya dasa. 'Yar fartanyar ba ta cin ƙasa sosai, sai da na yi ta sara. Muka yi tushe talatin da wani abu, inda kwazazzabo ya ratsa muka tsallake muka ci gaba a ɗaya gefen. Da rana ta take muka ji ƙarar babura daga nesa, ba mu tsaya sanin ko na su wane ne ba.

Ban sake komawa ba. Ban sani ba ko dashen ya kama, don babu mai ɗaukar tulu ya ba shi ruwa. Abin da na mayar ma ba shi ne abin da na ɗauka ba. Na ɗauki baƙar ƙasa mai ba da zangarniya kamar damtse, na mayar da tsakuwa da rami, kuma na mayar wa wanda ba shi na ɗaukar wa ba.

Yarana sun tashi a gari. Iyakar da suka sani ita ce katangar bulo da takardar fili mai hatimi, ba su san akwai lokacin da ciyawa da maganar tsofaffi biyu suke riƙe gona shekara hamsin ba. Wataƙila wata rana hanya ta buɗe, su ko 'ya'yansu su koma neman gonar kakanninsu, su tarar ba gamba, ba wanda ya san komai. Saboda su na rubuta wannan, kuma na ba ɗan Baban tsallake kwafi ɗaya ya aje. Ɗorawar ba tamu ba ce. Ku tsaya a gindinta, ku yi taku biyu zuwa wajen dutse, daga nan gonarmu ta fara. Kada ɗayanku ya je aunawa shi kaɗai. Ku nemi jikokin mutanen tsallake, ku jira su ko sun makara.